Lambar da Na Zuƙe da Ƙaho

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da na yi shekaru ina aske wa kai, yau ko an biya ni ba zan iya kawo fuskokinsu ba. Amma abin da na aikata a shekarar agana, a nan Tudun Wadan Zariya, yana nan daram, kuma na san da shi za a kai ni kabari. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba zan rage wa kaina komai ba. Sunan kowa kuwa ba zan kama ba, domin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma jikokinsu na nan muna gaisawa.

Ni wanzami ne ɗan wanzami. A cikin birni aka haife ni. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba, wannan bokon kuwa da furfurata na koye shi. Turawa ba su daɗe da zama ba jirgin ƙasa ya iso, aka yanka filaye a bayan ganuwa aka ce baƙi su zauna. Kanawa, Katsinawa, Barebari, Nufawa, tsofaffin soja, leburorin reluwe, kowa ya zo ya kafa danga. Na duba na ga kowannensu da kai a wuyansa, kai kuwa sai an aske shi. Sai na rataya zabirata na fito ta Ƙofar Doka, na gina ɗaki biyu da zaure, na zama wanzamin unguwa. Askin suna nawa ne, kaciya tawa ce, wanda jini ya yi wa yawa ni zan kafa wa ƙaho. Har ciwon da bai shafi aska ba sai an zo an tambaye ni. Ina jin daɗin wannan, fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani aiki da na gada wanda ya fi duk waɗannan girma a idona. In agana ta shigo gari, mahaifina yakan nemi wanda ta kama da sauƙi, ya ɗebi ruwan ƙurjinsa a bakin aska, ya tsaga hannun mai lafiya ya shafa. A gidanmu shuka muke ce masa. Wanda aka yi wa yakan yi zazzaɓi, ƙuraje kaɗan su fito, ya warke, daga nan agana ba ta ƙara kusantarsa. Ni ma an yi mini ina yaro. Sai dai akwai abin da ba ma faɗa a waje. A cikin waɗanda aka yi wa shuka wasu ba sa tashi, wani lokaci kuma daga ɗakin wanda aka yi wa cutar take bazuwa ta cinye gida. Mukan ce kwana ne ya ƙare.

To, sai Turawa suka hana. Aka yi shela cewa wanzamin da aka kama yana yi zai kwana gidan yari, wai an kawo abin da ake kira lamba, shi za a riƙa yi wa mutane.

Da a ce wani farin likita ne zai zo ya yi, da ban ji zafi haka ba. Wanda aka turo mana kuwa wani saurayi ne ɗan cikin birni, daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan da suka bi mishan suka zama Kirista. Na san shi sarai. Ranar da mahaifina ya yi masa kaciya ni na riƙe masa ƙafa, yana ihu yana kiran innarsa. Sai ga shi da sanyin safiya a gindin ceɗiyar ƙofar mai unguwa, da gajeren wando da akwatin kwano, ɗan doka a bayansa, dattawa na layi a gabansa suna naɗe hannun riga. Da ya gan ni ya rusuna ya ce, "Yaya, ina kwana? Ka matso ka gani mana, ai aikin naku ne." Na ce masa ni ba na koyon aska a wurin wanda na share wa majina.

Amma na gani. Na tsaya daga nesa ina kallo da idon sana'a. Yakan gasa 'yar wuƙarsa a wuta, ya bari ta huce, ya ɗiga wani farin ruwa daga siririyar kwalba a damtsen hagu, ya ɗan karce fatar ba tare da jini ya zubo ba. Kwalaben a cikin jiƙaƙƙen tsumma yake ajiye su, rana na ɗagawa ya rufe akwati, ya ce zafi na kashe maganin. Tun a wurin zuciyata ta ce mini, wannan ai shukar mahaifinka ce aka yi wa wanka. Na ji ta, na danne ta. A nan laifina ya fara, domin duk abin da na yi bayan haka ban yi shi cikin duhun kai ba.

Dama gari cike yake da maganganu. Wasu na cewa alama ce ake sa wa mutane don a kwashe su aikin reluwe. Wasu na cewa wanda aka yi wa ba zai haihu ba, wasu na cewa sannu a hankali zai bar salla. Wanzami kuwa kunnen mutum a tafin hannunsa yake. Ban ƙirƙiri ko ɗaya ba, amma duk wanda ya durƙusa a gabana ya tambaye ni, sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Ni dai na ji ruwan ƙurjin saniya ne. In kana so a zuba maka jinin dabba a jiki, jikinka ne." Sai mutum ya ce, "To yaya za mu yi, ga ɗan doka?" Sai in rage murya in ce, in an yi masa kada ya tsaya ko'ina, ya biyo ta bayan gidana.

Haka aka yi. Mai lamba na karcewa a gindin ceɗiya, ni ina zuƙewa a bayan danga. In ɗora ƙaramin ƙaho a kan wurin, in ƙara tsaga biyu, in zuƙa har jini ya taru, in wanke da lemun tsami da toka. Mutane na tafiya suna sa mini albarka. A ranakun nan ji nake duk Tudun Wada babu mai daraja irina.

Mutum ɗaya ne ya yi mini dariya a fuska, maƙwabcina, wani Bakano mai sayar da goro. Kun san tsakaninmu da Kanawa ba a raba mu da tsokana. Ya leƙo ta saman danga ya ga layi, ya ce, "Kai Bazazzagi, bawana, wannan kuma wace sabuwar kasuwa ce? Ana zubawa kana kwashewa?"

Na ce, "Kawo 'ya'yanka in cece su, Bakano. Ko rowar taku har da rai?"

Ya ce, "Mu Kanawa abin da aka ba mu kyauta ba ma mayarwa. Ni a Kurmi, can kudu inda nake saro goro, na ga garin da aka yi wa wannan abu, na ga garin da ba a yi wa ba. Bar mini su da tabonsu. Kai dai ka yi ta shan jinin mutane, ga kumatunka har sun fara cika."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina fatauci ya cinye masa hankali.

A gida ne maganar ta ƙi zama wasa. 'Ya'yana biyu a lokacin. Babbar mace ce, ta fara famfara, ƙaramin namiji ne ana goyonsa. Ita 'yar fari ce, don haka ko sunanta ba na kira, ba na ɗaukarta a gaban mutane, sai dai in kalle ta ta gefen ido tana wasan ɗiyar kara a bakin zaure. Uwarsu kuwa agana ta taɓa kama ta tana ƙarama a ƙauyensu, zanzanar na nan a fuskarta. Su biyar suka kwanta a ɗaki ɗaya, ita kaɗai ta fito. Ba ta cika magana ba, amma ranar da ta dawo da yaran daga gindin ceɗiya ta gan ni da ƙaho a hannu, sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, don Allah ka bar musu."

Na ce, "Na cire wa 'ya'yan mutane, in bar wa nawa? Gobe me za a ce da ni?"

Ta ce, "Kai ba ka ga abin da na gani ba."

Na ce, "Ke za ki koya mini agana? A gidanmu aka san ta."

Ta ce, "A gidanku aka san ta. A gidanmu ta kwana."

Wannan magana ta shige ni, don haka na ɗaga murya. Na kira yarinyar. Ta zo ta miƙo damtse ba gardama, don a wurinta abin da Baba ya yi shi ne daidai. Na kafa ƙaho na zuƙa. Da lemun ya taɓa wurin ta cije leɓe, ba ta yi kuka ba, har na ce mata ta fi maza da yawa. Da na juyo neman ƙaramin, babu shi babu uwarsa. Ta saɓa shi a baya ta yi Gyallesu wurin gwaggonta, ta aiko cewa tsohuwar ba ta jin daɗi za ta ɗan zauna da ita. Ba ta dawo ba sai da ƙurjin yaron ya tashi ya nuna, har ya yi zazzaɓinsa ya gama. Na yi fushi na daina cin tuwonta na ɗan lokaci. Ta ci gaba da ajiye mini shi a zaure.

Har zuwa nan, in da hali, zan iya cewa kuskure ne. Abin da ya biyo baya ba shi da wannan suna.

Aka yi shela cewa mai lamba zai dawo ya duba hannuwa, wanda tasa ba ta kama ba a sake masa. Mutanena suka rikice suka zo. Na ce su kwantar da hankali, ai tabo sana'ata ce. Na samo nonon tumfafiya, in ɗan kankare fatar da aska in ɗiga, kafin a jima wurin ya tashi ya yi ruwa. Na yi wa duk wanda ya zo. Na yi wa 'yata.

Ranar dubawa ni da kaina na kai ta, don in nuna ba ni da abin ɓoyewa. Mai lamba ya riƙe damtsenta ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya taɓa hammatarta ya ce, "Nan ya yi miki ciwo, 'yan mata?" Ta ce a'a. Ya ce, "Kin yi zazzaɓi?" Ta kalle ni. Sai ya ɗago ya ce a hankali, yadda na kusa ba za su ji ba, "Yaya, wannan bai yi kama da nawa ba. Nawa yakan yi zagaye, tsakiyarsa ta lotsa kamar cibiya, gefensa ya yi ja. Yau na ga irin wannan da yawa a unguwar nan. Bari in sake mata, yanzu za a gama."

Allah ya buɗe mini ƙofa a wurin. Ba abin da zan yi sai in yi shiru. Maimakon haka na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Jama'a ku ji! Yaron da na riƙe wa ƙafa yau shi ke ce mini maƙaryaci. Sau nawa za ka yanka 'yar mutane? Ko naman ne bai ishe ka ba?" Layi ya ɗauki guna-guni, ɗan dokan ya fara gyara tsayuwa, mai unguwa ya ce a yi haƙuri a wuce. Saurayin ya saki hannunta ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya." Na ja 'yata muka tafi ina taƙama. Ban taɓa cin nasarar da ta fi wannan muni ba.

Da zafi ya shigo agana ta iso. An ce wasu leburori ne suka sauko da ita daga jirgi. Ta fara da bakin kasuwa, ta gangaro. A farko ban lura da komai ba, sai da na fara jin gidajen da ta shiga. Wanzami ba ya manta fatar da ya tsaga. Gidan maƙeri, na zuƙe. Gidan tsohon soja, na zuƙe. Gidan mai tuyar ƙosai, ita da 'ya'yanta, na zuƙe. Gidan Bakano kuwa wani baƙonsa ya sauka da cutar har ya rasu a zaurensa, amma a cikin iyalinsa ko ciwon kai ba wanda ya yi. Ya daina tsokanata. In mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Wata ranar kasuwa na dawo da azahar na tarar yarinyar kwance, jiki kamar garwashi, tana cewa bayanta zai karye. Na ce zazzaɓin shawara ne, na jiƙa mata saiwa. Da ƙurajen suka feso a goshi da cikin baki, suka bi hannuwa har tafi da tafin ƙafa, sai uwarta ta ɗauko tabarma ta zauna kusa da ita, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Ita ce." Ƙanen kuwa, wanda a tabarma ɗaya suke kwana, a ƙwarya ɗaya suke shan kunu, yana tsakar gida yana bin kaji da rarrafe, da ɗan tabonsa a damtse.

A lokacin in agana ta shiga gida ɓoyewa ake yi, don kada a kai mutum bukkokin da aka kafa a bayan gari. Tsofaffi suka zo suka ce a rufe ɗaki, a rage mata ruwa, kada a ba ta romo. Ni ma har na fara cewa a saki asabari. Matata ta miƙe ta ce, "Malam, na bi ka sau ɗaya. In ba za ka je ka kira mai lamba ba, ni zan fita da rana tsaka in je, kowa ya gan ni."

Na tafi. Na same shi a rumfar da yake ajiye kayansa, ya rame, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ban san da wace kalma zan fara ba, sai na zazzage zabirata a gabansa, ƙahonin suka gangaro. Na faɗa masa komai, da lemun, da tokar, da tumfafiyar. Na ce in gidan yari ne a kai ni, amma ya zo ya ga yarinyar.

Sai ya ce, "Na yi zargi. Ni ma da laifina, da na tsaya a kan maganata ranar nan. Tsoron bakinka na ji." Sai ya ɗauki akwatinsa ya ce, "Tashi mu je, Yaya. Gidan yari ba zai warkar da kowa ba."

A hanya na tambaye shi abin da girman kai ya hana ni tambaya tun farko. Na ce mene ne bambancin nasa da na mahaifina. Ya ce, "Kai in ka taɓa aske kan mutum sau ɗaya, in ya dawo bayan shekara, kana lalube?" Na ce a'a, hannuna ya san inda ƙullutu yake da inda tabo yake. Ya ce, "To jiki ma haka yake. Cutar da ya taɓa kokawa da ita ya san ta, in ta dawo tun daga bakin ƙofa yake tare ta. Wannan mahaifinka ya sani, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai shi aganar ce da kanta yake sa wa mutum, tana iya kayar da shi, tana iya tsallakawa kan na kusa. Tawa 'yar uwarta ce ta jikin shanu, kamarsu ɗaya amma ba ta da ƙarfi. Jiki ya yi kokawa da ita a wuri ɗaya, ya yi ɗan zazzaɓi, kaluluwa ta fito, shi ke nan ya koya. Wannan ciwon da mutane ke gudu, shi ne karatun." Na ce to yanzu a yi wa yarinyar. Ya girgiza kai ya ce lamba ba ta korar wadda ta riga ta fito. Abin da ya rage shi ne a taya jikinta faɗa.

Da ya duba ta ya ce a kai ta bukka, don a raba ta da masu shigowa gaisuwa. Ya ce uwarta ta bi ta, tunda wadda agana ta taɓa kamawa ba ta sake kama ta, ni ma ina iya shiga saboda shukar da aka yi mini. Ya ce maganar hana ruwa a bar ta. "Jikin da ke yaƙi ba a sa shi azumi. Ruwa tafasasshe, kunu mai ruwa-ruwa, nono, romo, ko da cokali ɗaya ne ta haɗiye a sake ba ta. Idanun a riƙa wanke su da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da tsumma mai tsabta, kowane ido da nasa. Tabarmarta da zanenta a ƙone."

Ni na ɗauke ta zuwa bukkar. Tun da aka haife ta ban taɓa ɗaukarta a bainar jama'a ba sai ranar, a kafaɗa, ta tsakiyar unguwa, mutane na darewa.

Da na sauke ta na fito, sai ya tare ni ya ce, "Saura aikinka. Ni ban san hannuwan da ka taɓa ba, tabon ƙaryarka ya rufe mini ido. Waɗanda ba su kwanta ba tukuna, in aka yi musu yanzu za su iya tsira. Kai kaɗai ka san su."

Wannan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi, kuma shi kaɗai ne a cikin labarin nan ba na jin kunyarsa. Kullum da safe in kai kunu da romo bukka, in dawo in shiga gaba yana bina da akwati, gida gida. A kowace ƙofa in yi sallama in ce, "Ni ne wanzami. Abin da na yi muku ƙarya ne, tabon nan nonon tumfafiya ne. Ku fito a sake." Wasu suka fito ba musu. Wata tsohuwa ta ce, "Jiya ka ce guba, yau ka ce magani, gobe kuma me za ka ce?" Na ce, "Inna, jiya 'yata na wasa a ƙofar gida, yau tana bukka." Ta turo jikokinta. Bakano ya rufe kasuwarsa ya biyo mu, yana naɗe wa 'ya'yansa hannun riga a gaban mutane yana cewa, "Ku duba na gaske, ku bar na Bazazzagi." Ranar nan tsokanarsa ta yi mini daɗi kamar ruwan sanyi.

Amma akwai ƙofar maƙeri. Ɗansa ya riga ya rasu. Ya fito ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na kawo maka shi da hannuna, na sa maka albarka." Ya bari aka yi wa sauran iyalinsa, ni kuwa ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa. Har ya bar duniya bai sake amsa sallamata ba, ban kuma ga laifinsa ba.

A bukka abin ya yi tsanani kafin ya yi sauƙi. Ƙurajen suka haɗe, fuskar ta kumbura har idanun suka rufe, ba ka gane ta sai ta murya. Bakinta duk gyambo, haɗiya azaba. Uwarta takan ɗiga mata nono da bakin ludayi, ta tofar, ta sake ɗigawa, ba gajiya ba faɗa. Na ga waɗanda aka kawo tare da ita ana fitar da su a makara. Na lura kuma, ba wai ina da ilimin abin ba, cewa waɗanda suka zo a rame da waɗanda ba su da mai ba su abinci a baki su ne suka fi saurin tafiya. Na sayar da akuyata na riƙa sayen ƙashi da hanta a wurin mahauta. Mai lamba yakan biyo in ya taso aiki, ya tsaya a ƙofa ya tambayi abu ɗaya: "Ta sha?" In an ce ta sha sai ya ce, "To muna nan."

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka, ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo. Wata safiya na iso da ƙwaryar kunu na tarar an zaunar da ita a jingine, kumburin ya saɓe, uwarta na goge mata fuska. Ta buɗe idanu. Na dama garau yake. Na hagu kuwa hakiya ta rufe shi, fari fat.

Na durƙusa a gefenta na hagu na ce, "Sannu." Ta juya kai tana nemana, ta ce, "Baba, dawo ta nan, ta can ba na ganinka."

Na tashi na zagaya. Ba ta tambaye ni dalili ba, a ranar ko bayanta. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu ta shanye, ta ce a ƙaro.

Ta rayu. Ta yi aure ta hayayyafa, yau ita ma kaka ce. Da ta yi hankali na zaunar da ita na gaya mata komai da bakina, don kada ta ji a waje. Ta ce ta yafe, ta kuma ce kada in sake tayar da maganar. Na yi mata biyayya a gabanta, amma na ga bai kamata in tafi da ita cikin ƙasa ba, shi ya sa na rubuta. Har yau in ta zo gaishe ni, kafin ta zauna na riga na koma damanta.

Abin da na koya ba shi da tsawo, kuma ina faɗarsa ba tare da shakka ba, domin na biya kuɗinsa da idon da ba nawa ba. Jiki na koyo, kuma lamba makarantarsa ce, kada wanda ya hana ɗansa shiga. Mai ciwo a ba shi ruwa da abinci, a raba shi da masu lafiya, kada a ɓoye shi. Sannan wanda mutane suka yarda da bakinsa ya ji tsoron Allah. Jahili in ya ɓata shi kaɗai yake ɓata. Ni na san gaskiya tun ranar farko a gindin ceɗiya, na ƙi ta don kawai ta fito daga hannun wanda na raina. In gaskiya ta zo maka a hannun yaro, ko baƙo, ko wanda ba addininku ɗaya ba, ka miƙa hannu ka karɓa tun tana da arha. In ka tsaya sai ta zo ta hanyar da ta yi maka daɗi, ba kai za ka biya ba, wanda ya miƙo maka damtse ba gardama shi zai biya.